Shaho a Kan Kujerar Fasfo

Mutanen layin nan ba su da kirki, gara a faɗa tun daga farko. Mutum ya shekara goma sha tara yana gyara musu fuska, yana cire ƙuraje, yana cike giɓi, yana share wa tsofaffi tamoji har su je ofis a ce hoton ba nasu ba ne. Duk wannan ba wanda ya riƙe. Ranar da ƙafarsa ta ɗan zame sau ɗaya tak, ita ce suka haddace.

Kar-ka-motsa ake ce masa, don bai taɓa ɗaukar hoto bai faɗi haka ba. Shagonsa yana tsakanin na mai aski da na mahauci, a ƙasan wani tsohon bene. A ciki akwai labule mai zanen ruwa yana zubowa daga dutse da jirgin sama a bisansa, da 'yar kujera, da furen roba, da fitila mai lema, da madubi da mataji. Aikinsa yana da doka: zauna, ɗago haɓa, kar ka motsa, ɗaya, biyu, uku. Kuma daga kafaɗa zuwa sama ne nasa. Abin da ke ƙasa da nan, in ji shi, tela ya shafa.

Abin da ke riƙe da gidansa shi ne makarantar bayan layi. Kowace shekara shi ke ɗaukar hoton fasfo na ɗalibai ɗari shida. Sai ga Shugabar makarantar ranar Litinin, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko zauna ba.

"Malam, iyaye suna ƙorafi. Sun ce duk yaran fuska ɗaya suke fitowa."

"Ranki ya daɗe, ai kyau ɗaya ne a duniya. Ni na samo shi, na raba musu daidai."

"Wata uwa ta tafi da hoton ɗan maƙwabciyarta, sai bayan wata biyu aka gane. Kwamiti yana so a ba malamin kimiyya aikin. Yana da sabuwar waya, har ƙudan zuma ya ɗauka a kan fure. Shi ne ma zai nemo mana hoton shaho, tambarin makaranta, da za a buɗe a zauren taro ranar Asabar gaban iyaye."

"Waya!" in ji Kar-ka-motsa, ya dafe ƙirji. "Abin da ake kiran mai gyaran famfo da shi? Ranki ya daɗe, bar mini shahon nan. Zan kawo miki shi kusa da kusa, har ki ƙirga gashin idonsa."

"Shaho yana da gashin ido?"

"In ba shi da shi, zan sa masa."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To. Ka kawo ranar Asabar, aikin yana nan naka. Ba ka kawo ba, ka yi sallama da shi."

Ko fita layin ba ta gama yi ba mai aski ya leƙo, don bangon da ke tsakaninsu katako ne.

"Kai da ko kyanwa ba ka taɓa ɗauka ba?"

"Ni? Na taɓa ɗaukar kada yana hamma."

"Daga ina?"

"Daga ciki."

Ranar Talata da hantsi aka ga shagon hoto yana hawa saman bene. Labule ya hau, kujera ta hau, fitila mai lema ta hau da doguwar waya, furen roba ya hau, har madubi da mataji. Mahauci ya biyo shi da tsoka a faranti, yana kallon tsuntsayen da kullum suke shawagi bisa shagonsa.

"Ka san dai waɗannan shirwa ce, ba shaho ba?"

"Idan na gama gyara ta, uwarta ma za ta rantse shaho ta haifa. Ajiye a kan kujera, ka matsa, kana tare mini haske."

Mai aski ma ya bar mutum da kumfa a fuska ya hau kallo. Ba a jima ba wata shirwa ta karkato, ta sauko.

"Yauwa, sannu da zuwa," in ji Kar-ka-motsa, ya manna ido a kyamara. "Zauna. Ɗago haɓa. Kar ki motsa. Ɗaya..."

Fyuu. Ba tsoka, ba shirwa.

"Biyu, uku," ya ƙarasa, ya danna.

Hoton ya fito tas. Kujera ce, ba kowa a kanta.

"Ba ta da tarbiyya," in ji shi. "Sa wata."

Aka sa wata. Aka sa wata. Wajen tsoka ta bakwai mai aski ya kasa haƙuri.

"Don Allah ka daina ƙirgen nan. Tana saukowa ka danna."

"In daina ƙirge? Kai ka taɓa aske mutum ba ka jiƙa kan ba?"

Ya gwada dai, don kada a ce taurin kai gare shi. Shirwa ta sauko, ya ce wa yatsansa danna, yatsa ya ƙi. Shekara goma sha tara ba ya motsi sai ya ji uku, ba yau zai koyi rashin kunya ba. Sai ya sake dabara, ya fara ƙirgen tun tsuntsuwar tana can sama. Ita kuwa ta ji mutum yana ihu, ta ci gaba da kewayawa, ta bari ya kai uku, fitila ta yi walƙiya, ya sauke kyamara yana dubawa, sannan ta sauko a tsanake ta ɗauki rabonta.

Da yamma yana da hoton kujera goma sha ɗaya. Ya nuna wa matarsa, ya ce ta dubi yadda haske ya zauna.

"Kujerar ta yi kyau, maigida," in ji ta. "Ita ce tambarin makarantar?"

Laraba ya hau da igiya. Ya ce matsalar a fili take, baƙuwar ba ta daɗewa, to za a daɗar da ita. Ya ɗaure wata ƙatuwar tsoka a ƙafar kujera, ɗauri uku. Abin da bai sani ba, labarin walimar jiya ya zaga sararin sama. Shirwa huɗu suka sauko tare, kowace ta kama gefe, suka ja. Kujera ta kife, ta bugi fitila. Iska ta shiga lemar. Lema ta tashi da waya, waya ta naɗe sandar labule, sai ga ruwa da dutse da jirgin sama duk sun tsallake katangar bene.

A ƙasa kuwa mahauci yana zaune a bakin shagon mai aski, an fara rage masa suma. Labule ya rufe su su biyu. Aka ji injin aski yana ƙugi a ciki, aka ji salati, aka ji wata kalma da ba a rubutawa. Da suka fito, akwai titi a kan mahauci tun daga goshi har ƙeya.

Kar-ka-motsa ya leƙo daga sama. "Ku ɗaga mini labulen a hankali, kada ya yi datti!"

"Sauko ka ɗauka," in ji mahauci, yana shafa titin. "Sauko, ɗan'uwa. Ba abin da zan yi maka."

"Daga nan ma ina ji."

"Ko ƙashi ba za ka sake samu a wurina ba!"

Haka ake yi wa masu fasaha. Mutum yana ƙoƙarin ɗaga sunan layi, ana yi masa maganar suma, abin da ke tsirowa kyauta.

Alhamis ya shiga kicin da sassafe, ya fito da wani abu a ƙunshe. Matarsa ta tare ƙofa.

"Baban yara, naman miya ne fa."

"Naman tarihi ne yanzu. Sa mayafi ki biyo ni, yau ke ce mai hoto."

Ya yi tunani ne mai zurfi. A duk garin mutum ɗaya ya san yadda ake zama kada a motsa, shi ne shi. Saboda haka zai zauna a kujera da kansa, naman a kan hularsa, tsuntsuwa ta sauka a kai, matarsa ta danna. Ya soke naman a hular da allura biyu don kada a sure da wuri.

"In ta tsone maka ido fa?"

"Ai sun san ni yanzu. Ke dai ki ƙirga, kuma kada ki yi sauri. Hoto ba tuyar ƙwai ba ne."

Layi ya cika. Mai wanki ya bar wanki, tela ya fito da tef a wuya, mahauci ya jawo benci ya zauna a gaba, kansa a aske tas. Kar-ka-motsa ya ɗaga musu hannu daga bakin katanga, ya gyara baƙin gashin da ke leƙowa ta gefen hula, ya zauna, ya ɗago haɓa.

Wata inuwa ta gifta.

"Ɗaya," in ji matarsa.

Abu ya dira a kansa kamar an jefo buhu.

"Biyu."

"Danna! Danna!"

"Kai ka ce kada in yi sauri."

Allura ta riƙe nama da amana, nama ya riƙe hula, hula kuwa ba abin da ya riƙe ta. Ta tashi sama.

"Uku."

Shekara tara ba wanda ya ga tsakiyar kan Kar-ka-motsa sai matarsa da mai aski, shi ma sai an rufe ƙofa. Baƙin gashin nan na gefe shi ne iyakar dukiyar, shi ma rini ne. Rana ta sauka a kan sanƙo, sanƙo ya mayar mata. Layi ya fashe da dariya. Mahauci ya faɗo daga benci.

"Ashe kai ma suma ta taɓa yi maka laifi!"

"Ni dai ban faɗa ba," in ji mai aski, yana ɗaga hannu sama. "Kowa ya shaida, tsuntsu ne ya faɗa."

Hoton da matarsa ta ɗauka ya fi na kujera rai. Wani farin abu ne mai sheƙi, da wutsiyar tsuntsu a kusurwa.

Kafin Juma'a sama ta yi baƙi da shirwa. Sun saba, suna jiran walima, da ba su samu ba suka koma kan layi. Mai wanki ya sake wanke riguna sau biyu. 'Yan tsaki uku suka ɓace a gidan tela. Kar-ka-motsa yana zaune a shago da tawul a kai, ba nama, ba hula, gobe Asabar, sai ga surukarsa da kwando. Tsohuwar tana zaune ne a ɗakin bayan gidansa, kuma a duniya ba abin da take ji da shi kamar wata jar kaza.

Ya zame daga kujera ya durƙusa. "Ina kwana, Inna."

"Lafiya. Tunda kai ka gayyato shirwa, kai za ka yi gadi. Ga ta nan, ta wuni a shagonka. Gashi ɗaya ya faɗi, ni da kai ne."

Ta tafi. Kaza ta ture murfin kwando, ta zaga shagon, ta dubi kanta a madubi, ta yi tsalle ta hau kujera, ta kwanta a gaban labule. Kar-ka-motsa ya dube ta. Bakinsa ya yi magana ba da izininsa ba.

"Ɗago haɓa."

Ta ɗago.

Ya jawo kyamara a hankali. "Kar ki motsa."

Ba ta motsa ba. Ta kafe ido wuri ɗaya kamar mai wani babban aiki a zuci.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Daidai kan uku ta miƙe tsaye, ta buɗe fukafukai, ta wage baki ta saki kuka. Fitila ta yi walƙiya. Hawaye ya cika idon Kar-ka-motsa. Kwana uku yana bin marasa mutunci a sama, ashe mai tarbiyya tana bayan gidansa.

Ya faɗa kan kwamfuta, ya jawo kan kazar har ya cika fuskar na'urar. Nan ne gonarsa. Ya share zanko, ya share jan naman da ke reto a haɓa. Ya lanƙwasa baki ya yi masa tsini. Ya mayar da ido ruwan ɗorawa, ya zana gira mai fushi, ya dasa gashin ido ɗaya bayan ɗaya, tunda ya yi alkawari. Da ya gama, shi kansa sai da ya ja baya. Ya kwashe a guje zuwa wurin mai buga alluna.

"Duka zan buga, ko a yanke?" in ji mutumin.

"A yanke? Aikina? Buga duka, tsawon ƙofa. Sunana a ƙasa da ruwan zinare, kowane harafi kamar tafin hannu. Ka naɗe, ba mai gani sai a gaban taro."

Asabar zauren makaranta ya cika maƙil. Iyaye a kujeru, ɗalibai a ƙasa, malamin kimiyya a gefe da wayarsa. Mutanen layi ma sun zo, har waɗanda ba su da ɗa a makarantar. Inna tana sahun gaba, don jikokinta biyu suna nan. Allon yana jingine a bango, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Shugaba ta ce Malam zai yi magana ta minti ɗaya.

Ya yi ta minti ashirin, da sabuwar hula. Ya ce ya hau wani dutse da ko akuya ba ta hawa. Ya ce ya kwanta rub da ciki kwana uku ba ci ba sha.

"A saman shagona?" in ji mahauci daga baya.

"Wancan atisaye ne." Ya ce shahon ya kawo masa hari, suka yi kokawa, ya rasa hula amma bai rasa kyamara ba. Daga ƙarshe suka haɗa ido, tsuntsun ya gane ya gamu da gwani, ya tsaya cak. "Wannan ba aikin waya ba ne," in ji shi, ya ɗan waiwayi malamin kimiyya, ya fizge ƙyalle.

Zaure ya ce, "Kai!" Yaran sahun gaba suka ja da baya. Idon nan kamar zai cinye mutum, bakin nan kamar ƙugiya. Aka fara tafi. Shugaba da kanta ta cire tabarau. Kar-ka-motsa ya rusuna dama, ya rusuna hagu, bai ko juya ya dubi allon ba.

Sai tafin ya fara raguwa daga gaba zuwa baya. Idanun mutane sun gama da kan, sun gangara ƙasa.

Malamin kimiyya ya ɗaga hannu. "Malam, tambaya ce kawai. A kan dutsen akwai kujera?"

"Na tafi da tawa."

"Da furen roba?"

"Don ya saki jiki."

"Ƙafafun fa? Shaho farata gare shi masu lanƙwasa. Waɗannan na tonon bola ne."

Kar-ka-motsa ya juya. Karo na farko ke nan da ya ga abin da ke ƙasa da kafaɗar tsuntsun. Ƙirji ne mai ƙiba, ja, na wadda ba ta taɓa tashi sama da katanga ba. Gajerun ƙafafu biyu, a ta hagu an ɗaura wani shuɗin tsumma. A tsakaninsu kuwa, a kan kujera, fari fat, girman kan jariri saboda faɗaɗawa, ga ƙwai.

"Macen shaho ce," in ji shi da sauri. "Su ma suna ƙwai. Ku tambayi malamin kimiyya."

Inna ta miƙe da sandarta. Ta taka har gaban allon, ta kai hanci kusa da ƙafar hagu.

"Wannan ai bakin tsohon zanina ne. Ni na yage, ni na ɗaura." Ta ɗaga kai ta ga fuskar, ta ja baya. "Innalillahi! Me ka yi mata a baki?"

Ba a musu da suruka a gaban jama'a. Ya durƙusa, a kan dandamali, gaban iyaye ɗari uku.

"Inna, kama ce. Tsuntsaye suna kama da juna."

"Kama? Jiya na yi ta lalube, na ce yau ba ta yi ba, har na ba ta magani. Ashe ta yi. Ina ƙwan?"

"Wallahi, Inna, ban gan shi ba."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a ranar, ita ce kuma ba a yarda da ita ba.

"Ai shi ne na gani a bayan wandonka jiya da la'asar," in ji mai aski, "ka ce mini fenti ne."

Zaure ya rikice. Wata uwa ta yi dariya har goyonta ya farka. Matarsa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Shugaba ta buga tebur sau biyar kafin a ji ta.

"Malam," in ji ta, "gashin idon dai na ƙirga, goma sha huɗu ne. Ka cika wannan. Fasfo kuma daga bana malamin kimiyya zai ɗauka."

"Ranki ya daɗe, allon fa? Dubi haske. Dubi yadda ƙwan ya fito."

"Allon ba zai lalace ba. 'Yan aji ɗaya ba su da hoton koyon haruffa."

Can aka rataye shi, da sunan Kar-ka-motsa a ƙasa da ruwan zinare. Tagar ajin tana kallon bayan shagonsa. Kowace safiya, yana goge kujera yana jiran mai neman fasfo, sai ya ji malama ta buga allo da sanda ta ce, "Mene ne wannan?" Murya arba'in su amsa har katakon bango ya girgiza, "Kaza!"

Mai aski yakan leƙo da almakashi a hannu. "Ka ji ana kiran shahonka."

"Na ji," in ji Kar-ka-motsa, yana gyara zaman hula. "Kai shekararka nawa kana aski a layin nan? Wane kai ka taɓa askewa da ake karanta shi a makaranta?"